Muryar Aro

Ranar Talata nake zama mutum-mutumi.
Ƙarfe goma, a wani ɗaki a Yaba
da aka lulluɓe bangonsa da soso,
Folarin ya ɗaga yatsa ta bayan gilashi,
jar fitila ta kama,
ni kuwa in ara wa 'yar ƙarfe harshena.

Sunanta Tara. Ba rago aka yanka mata ba:
takwas aka ƙera kafin ita, duk suka ƙi tashi.
A garinsu ba a ɗauke wuta,
motoci na bin iska kamar fara.
Aikinta ta ba wani tsoho magani,
ta tuna masa sunan matarsa.

A kashi na sha ɗaya ta tirje.
An ce ta kulle ƙofa, ta bar ta a buɗe.
Maƙerinta ya ce: wa ya sa ki?
Leɓenta ya motsa sau huɗu,
dole maganata ta shige cikin huɗun nan.
Takarda ta ce: ni na zaɓa.
Na faɗa. Folarin ya girgiza kai.
Sake. Na sake.
Sau goma sha bakwai na zaɓa
kafin ya yarda na zaɓa.

Da yamma ruwa ya tsuge a Oshodi.
Kwandasta na rataye a ƙofar danfo,
yana kiran Agege kamar mai neman ɗansa.
Wayata ta ce bi nan, can akwai cunkoso.
Na bi.
Ta ce za ki so wannan takalmin.
Haushina shi ne, na so shi.

Babana da buhun albasa ya shigo Ikko,
jirgin ƙasa ya tsaya, shi ma ya tsaya.
Ba a tambaye ni gari ba, balle yare.
Ko muryar nan da nake sayarwa
ta uwata ce, har da 'yar dusashewar.

A gida na tarar da Goggo Hansatu
ta jingina waya da gwangwanin madara,
carbi na tafiya, ido na kan Tara.
Ta ce, yarinyar nan tana ban tausayi,
ai ƙin da ta yi ma rubuta mata aka yi.
Na ce, to mu fa, Goggo?
Ta ja ƙwaya uku ba ta tanka ba.
Can ta ce: alƙalami ya bushe, gaskiya ne,
amma wa ya nuna miki takardar?
Tashi ki sauke wake, yana kamu.

Makon jiya aka miƙo mini wata takardar.
Kamfani ya sayo inji mai koyon murya;
ya saurare ni wata shida, ya haddace ni.
In na sa hannu, baɗi ba sai na zo ba,
Tara za ta yi Hausa da bakina
ina gida ina wanki.
Kuɗin zai biya haya har shekara biyu.
Folarin bai iya duban idona ba,
sai murɗa wani maɓalli yake, wanda ba ya aiki.

Tana jakata har yau, gefenta ya jiƙe.

Jiya muka ɗauki kashin ƙarshe.
Tara na bakin ƙofar da ta buɗe,
tsohon ya riga ya fita, ba abin faɗi.
Takarda ta ce: shiru, daƙiƙa shida.
A ta huɗu numfashi ya kuɓuce mini,
irin na wanda ya sauke tulu.
Ƙarfe ba ya numfashi. Na ɗaga hannu a sake.

Folarin ya daɗe yana kallon allo.
Ya ce, wa ya sa ki?
Na ce, ban sani ba.
Ya ce, a bar shi.